Jan Ƙyalle Goma Sha Ɗaya na Kawu Idi

Ina tashar Madawa da hantsi, ina jiran motar Buza, ƙanena ya kira ni a waya ya ce Kawu Idi ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce wane Idi, alhali Idi ɗaya gare mu, ƙanen mahaifiyata, mai kula da dajin aduwa na gangaren Tama. Kafin in isa an kai shi makwancinsa.

Mutum ne mara yawan magana, bai iya koyarwa da baki ba. Ni sana'ata tatsar man aduwa, shi ya sa na yi shekara tara ina bin sa daji. A wurinsa na ga cewa aduwar da ta cunkushe cikin 'yan'uwanta ƙwallonta ƙanana ne, in ka fasa sai ka tarar da ƙwaya a motse, babu mai. Wadda aka rage wa maƙwabta, aka sassabe mata rassan ƙasa, bayan damina biyu sai ta ba da ƙwallo mai nauyi. Yakan ce, "Icce ma yana son wurin miƙe ƙahwa." Bai taɓa sa gatari ga itace ba sai ya tsotsi 'ya'yansa, ya fasa ƙwallon bisa dutse ya duba. In na yabi wata don yawan ganyenta, sai ya ce, "Ɗiyata, ganye na awaki ne. Tambayi ƙwallo."

Mako biyu kafin rasuwarsa ya shiga dajin shi kaɗai, ya ɗaura jan ƙyalle a jikin aduwa goma sha ɗaya. Bai gaya wa kowa dalili ba. Ga shi bana ne za a rage itatuwan, mutanen gandun daji sun ba da izini, kuma dole a gama kafin ruwa ya sauka.

Bayan addu'ar bakwai, maigari ya ce masu ƙyalle su ne na sara. Inna Hadiza, matar marigayin, ta girgiza kai.

"Maigari, wa ke ɗaura ma iccen da za a sare a yas ƙyalle? Waɗanga na iri ne."

Sai aka juyo gare ni, wai ni ce na san hannunsa. Na tafi da dutse na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina tsintar ƙwallo a gindinsu ina fasawa. Shida ƙwayarsu cike fal. Huɗu a motse. Ta ƙarshe ba ta ma yi 'ya'ya ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, kuma ban ɓoye ba, har haushinsa na ji. In na ce a sare, wataƙila na kashe irin da ya yi shekara talatin yana zaɓa. In na ce a bari, wataƙila na bar waɗanda ke shaƙe sauran. Shekara tara ina kallon hannunsa, ban taɓa cewa ya zaunar da ni ya faɗa mini ba, don na ɗauka kullum yana nan.

Na ce wa maigari a ajiye gatari bana. Ban san ko daidai na yi ba.

Allah ya jiƙan Kawu Idi, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Inna Hadiza da 'ya'yansa haƙurin rashi. Ni kuma, ranar da zan ɗaga gatarin nan baɗi, Allah ya kama hannuna.