Ƙauyen da Na Ƙi Ƙonawa

Wai a kan gem aka so a fitar da ni daga Musulunci. Har yau idan na tuna sai in ji raina ya ɓaci.

Ni tela ne a Ƙanƙara. Idan aiki ya yi sauƙi nakan ɗauki waya in buga wani gem na yaƙi, irin wanda kake zama jarumi mai takobi, kana yawo gari-gari, kai ke zaɓen abin da za ka aikata. Aminina, mai shagon takalma da ke jikin nawa, shi ya tura mani shi. Tun firamare muke tare, kwano ɗaya muke ci da rana. Shi ne ma ya sa ni a guruf ɗin hira na waya na masu buga gem ɗin, samari da magidanta daga nan, da Faskari, har Sabuwa.

To akwai wani mataki da kowa sai ya iso. Sarkin cikin gem zai aike ka wani ƙauye a bakin daji, inda mutane ke zuba hatsin farko na shekara a gindin wata ƙatuwar bishiya. Ko ka ƙone ƙauyen sarki ya ba ka sulke, ko ka tsaya masu ya sa a yi ta farautarka. Duk 'yan guruf sun ƙone shi. Ni da na isa sai na ga wata tsohuwa tsaye da ƙwarya a hannu, na kasa. Kakata ta wajen uwa Bamaguziya ce a wani ƙauye bayan Ketare, kuma haka take yi da sabon gero. A hannunta aka yaye ni. Ita ba ta salla, amma idan na je hutu ita ke tashina da asuba, ta ajiye mani ruwan ɗumi a buta. Na tsaya wa ƙauyen, na ɗauki hoton na tura guruf, don ban ga abin ɓoyo ba.

Kai, ranar wayata har zafi ta yi! Wani daga Faskari ya ce bin shugaba wajibi ne ko da a wasa. Wani ɗan Sabuwa ya ce wane shugaba, ai sarkin nan gonakin ƙauyen yake so, irin 'yan siyasarmu ne sak, addini kawai ya yafa. Sai ga wani ustaz ya ce gem ɗin gaba ɗaya haram ne tunda akwai tsafi a ciki. Na tambaye shi, to Malam, ya aka yi ka fi kowa nisa a cikinsa?

Duk wannan dariya nake yi, har sai da aminina ya shigo shagona da la'asar, ya tsaya a kaina bai zauna ba.

"Ka koma baya ka ƙone ƙauyen nan," in ji shi, "sannan ka rubuta a guruf ka tuba."

Na ce, "In tuba da me? Mutanen zane ne fa."

"In zane ne, me ya hana ka ƙone su?"

"Don ban ga dama ba."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Dama an san inda ka fito."

Wallahi da marina ya yi da ya fi mani sauƙi. Mutumin da ya sha furar kakar tawa har ya nemi ƙari, yana ce mata Kaka! Na ce mashi ba zan ƙone ba, ba kuma zan tuba ba, tunda ban yi wa Ubangijina laifi ba. Kafin magariba sun cire ni daga guruf. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya ci mani rai shi ne washegari na yi mashi sallama ya yi kamar yana lissafin takalma. Rana ta biyu ma haka. A garin nan kuwa kowa ya san wanda ba a amsa wa sallama, kuma maƙwabtan shago sun fara kallona.

Ana haka matarsa ta haihu. Ya bi layinmu shago-shago yana raba goron suna, ya ba na dama da ni, ya ba na hagu, ya tsallake ni ina zaune ina kallonsa.

Ranar suna na sa farar shaddata na tafi da sassafe ba gayya. Na ratsa mutane na zauna a tabarmar gaba, kusa da liman. Aka raɗa suna, aka yi addu'a, na ɗaga murya da amin yadda na bayan layi ma zai ji. Da aminin nawa ya taso yana bin mutane da musafaha, ya zo kaina zai wuce, sai na cafke hannunsa.

"Assalamu alaikum," na ce, da ƙarfi.

Ya ja hannu, na ƙi saki. Na sake maimaitawa. Mahaifinsa, dattijon da ya san ni tun ina yawo ba wando, ya ɗago kai ya ce, "Kai, ba ka ji ɗan'uwanka na yi maka sallama ba?"

Ya amsa, cikakkiya, a gaban liman da duk unguwa, idonsa a ƙasa. Na sake shi. Na durƙusa na ce, "Baba, Allah ya raya," na sa takalmana na fito, ko wainar ban tsaya ci ba.

Abin da na je nema na samu, ba wanda ya ƙara yi mani kallon banza a layinmu. Kullum da safe ina yi mashi sallama, yana amsawa, don ba yadda zai yi. Amma da rana in an kawo mani abinci daga gida, ni kaɗai nake ci, bango ɗaya tsakaninmu ina jin tarinsa.