Gwajin Miyar Gwaggo

Shekarar da Baba ya tafi aikin Hajji, ni aka ɗora wa shirin walimar dawowarsa. Yayana yana Cotonou, ya ce aiki ba zai bar shi ba, kuma ai ni ce mai aikin biro, wato ofis, a Parakou, na san kan tsare-tsare. Na karɓa da hannu biyu. Lokacin ban daɗe da gama wani horo a wurin aiki ba, inda aka koya mana sabon salon tafiyar da aiki. Wai kada ka zauna ka tsara komai daga farko har ƙarshe kamar ka san gaibu. Ka yanka aikin mako-mako, ka gwada kaɗan, ka ji bakin waɗanda ake yi dominsu, ka gyara, ka sake gwadawa. Ma'aikata kuma su riƙa tsayawa minti goma sha biyar, kowa ya faɗi abin da ya yi, abin da zai yi, da abin da ya tare masa hanya. Abin ya shige ni ƙwarai, har nake ganin duk wata matsalar duniya rashin wannan tsari ne ya jawo ta. Da wannan zafin kan na raba Gwaggo da tukunyarta, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, wani lokaci da mutanen gidanmu, wani lokaci da kaina.

Gwaggo yayar Baba ce. Mijinta mutumin Sérou ne, ya rasu tun ina ƙarama, Allah bai ba su haihuwa ba. Ta dawo gidanmu na Djougou, tsohon gidan kakanmu mai fataucin goro, ta zauna a ɗakin da ke kusa da madafi. Ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta da gona. Abin da take da shi ludayi ne. Suna ne, biki ne, sadakar arba'in ce, a danginmu ba a ɗora babbar tukunya sai Gwaggo na tsaye a kanta. Saboda miyar gyaɗarta da ake ci da sakwara, har daga Zongon Parakou ake aiko mota a ɗauke ta. In ta shiga gidan taro, matan da suka fi ta zinari kan tashi su ba ta kujera.

Mako biyar gare ni. Duk Asabar da safe nakan hau mota daga Parakou, in kwana ɗaya a gida, in koma ran Lahadi. Asabar ta farko na zo da wani faffaɗan allo, na jingina shi a zaure, na ja layi biyu na raba shi gida uku: abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama. Na liƙa ƙananan takardu masu launi, kowace da aikinta da mai aikin. Rumfunan tamfol da kujeru, ɗan baffana. Gayyatar malamai, Baffa da kansa, ƙanen Baba. Doya da itace, matar yayana. Girki, Gwaggo.

Na tara su na ce za mu yi taron a tsaye don kada ya yi tsawo. Baffa ya dube ni daga sama har ƙasa, ya jawo buzunsa ya zauna.

"Ɗiyata, a Parakou tsaye ake magana da manya?"

Kowa ya zauna. Gaisuwa kaɗai ta cinye minti goma sha biyar ɗin. Da na zo kan tambaya ta uku, wato me ya tare maka hanya, sai na ga kamar na yi ashar. Ɗan baffana ya ce lafiya lau. Matar yayana ta ce alhamdu lillahi. Baffa ya ce hanya ai ta Allah ce, babu mai tare ta. Na rubuta "babu matsala" a littafina ina haɗiyar haushi.

Haka muka yi mako biyu. Na buɗe rukuni a waya don kowa ya riƙa ba da rahoto, ya cika da addu'o'in safiya da gaisuwar Juma'a. Ɗan baffana kullum amsarsa "an kusa", sai daga baya na gano ko magana bai yi da mai rumfunan ba, don sun yi faɗa a wurin ƙwallo ba sa ga maciji. Da ya faɗa tun ranar farko, da kiran waya ɗaya an wuce wurin. Asabar ta biyu kuwa na tarar duk takarduna sun koma gidan "an gama". Na tambaya, Inna ta ce ita ta mayar da su, don baƙi suna shigowa zauren, bai kamata su karanta cewa gidan Alhaji aiki ya sha kansu ba. Na ce Inna, allon nan amfaninsa ke nan, a ga inda aka makale. Ta ce to shi ya sa ta gyara shi.

Na koma Parakou ran nan kaina kamar zai fashe. A mota na yanke shawara: tunda baki ba zai faɗi gaskiya ba, aiki zai faɗa. Asabar ta uku za a yi gwajin girki. Gwaggo za ta dafa miyar mutum ashirin, ni kuma in zauna in auna komai in rubuta, don ranar walima a ninka ba tare da kame-kame ba. Sannan a kira masu ci su ɗanɗana su faɗi ra'ayinsu. Kuma ba 'yan gida kaɗai ba, don na riga na san amsarsu. Na gayyato malamai biyu daga masallacin unguwa, na kuma shirya tahowa da surukar yayana da ƙanwarta daga Zongon Parakou.

Da na faɗa wa Inna a waya, sai ta ce:

"Miyar Gwaggonki ce za a gwada?"

"Ba ita za a gwada ba, Inna, awo nake so."

"Ki bar wannan. Shekara nawa tana yi babu awo?"

Na ce ai shi ya sa duk taro ko a yi ragi mai yawa ko wasu su tashi da yunwa. Ta ce in bari dai. Na tambaye ta dalili, ta ce babu dalili. Wannan "babu dalili" shi ya ƙara tunzura ni. Gwaggo kuwa da na gaya mata dariya ta yi, ta ce 'yar biro za ta koyi girki da alƙalami, bismilla.

Ranar na kafa kujera a bakin murhu tun hantsi, da littafi da ƙaramin sikeli. Gyaɗa na auna, tattasai na ƙirga, daddawa na rubuta. Gwaggo tana aikinta cikin natsuwa, hannunta bai manta komai ba. Abin da ya dame ni Inna ce. Ta aike ni kasuwa sayo wagashi, cukun Fulani, na ce a aiki wani. Ta ce Baffa na kirana a zaure, na leƙa na ga ba ya nan, na dawo da sauri. Ta ce hayaƙi zai ɓata mini ido. Matar yayana ma sai shawagi take yi da tulun ruwan zafi da wani kwano a rufe, ta zo ta tsaya, ta dube ni, ta koma. Na ce a raina, wato so suke su kore ni don awon ya lalace su ce tsarina ne bai yi ba. Na ƙara gyara zama. Ko da Gwaggo ta tafi sallar azahar, ban ɗaga ba, na ce kada wanda ya taɓa tukunyar, don in an ƙara ko cokali ɗaya lissafina ya rushe.

Na ga lokacin da ta zuba gishiri. Ta zuba, ta ɗanɗana a tafin hannu, ta ƙara, ta sake ɗanɗanawa, ta ƙara. Na rubuta duka. Ni ba gwanar girkin taro ba ce, na ɗauka haka babbar tukunya take ci.

Aka kai wa malamai nasu a zaure tare da Baffa, mu mata muka zauna a tsakar gida. Lomar farko na ji harshena ya ƙanƙance. Gishiri ne zalla, har da ɗaci-ɗaci. Na ɗaga kai na ga kowa na ci. Inna na ci, matar yayana na ci, baƙin Parakou suna tsakurar sakwara suna ɗan dangwala gefen miya suna korawa da ruwa. Aka dawo da kwanon zaure da saƙon Allah ya yi albarka.

Na tashi da littafina na ce to, yanzu kowa ya faɗi abin da ya yi daidai da abin da ke son gyara.

"Ta yi daɗi," in ji Inna.

"Hannun Gwaggo ai ba a magana," in ji matar yayana.

Surukar yayana ta ce, "Madalla, madalla," tana kallon ƙasa.

A nan haƙurina ya ƙare. Mako uku ina jin lafiya lau, ga shi yau abu a bakin kowa, ana haɗiya da ƙyar, kuma an ce ya yi daɗi. Na ce, da murya da ta fi ƙarfin wurin, "Don Allah mu daina yaudarar kanmu. Gishiri ya yi yawa, kowa ya ji. Me zai faru in an faɗa? Don a gyara aka yi gwajin nan." Na ɗebi miyar a ludayi na miƙa wa Gwaggo. "Gwaggo, ɗanɗana ki ji da kanki."

Ta karɓa. Ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, ta daɗe tana juya harshe. Kowa ya zuba mata ido, har da baƙi.

"Ni dai ban ji komai ba," ta ce a hankali.

Ta ajiye ludayin a kan murfin tukunya, ta goge hannu da gefen zane, ta shiga ɗakinta ta saki labule.

Bayan baƙi sun tafi Inna ta ja ni bayan rumbu. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun wani zazzaɓi da Gwaggo ta yi shekara biyu da suka wuce, harshenta ya daina jin gishiri. Duk matan gidan sun sani. In ta juya baya, sai a ƙara ruwan zafi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa a daidaita, a mayar da murfi. Taro nawa aka yi a haka, babu wanda ya ji a waje. Abin da ke cikin rufaffen kwanon matar yayana ke nan.

Na ce, "To me ya hana ku gaya mini? Na tambaya. Duk Asabar ina tambaya me ya tare hanya."

"A zaure kike tambaya, gaban kowa, da alƙalami a hannu. In an gaya miki, a wane gida na allonki za ki liƙa shi?"

Wannan ma ya ba ni haushi. Har yanzu ina ganin da Inna ta kira ni gefe ta faɗa mini kalma uku, da ba a kai nan ba. Ita kuma har yanzu tana ganin ta faɗa mini, tunda ta ce in bari har sau biyu.

Washegari da safe Gwaggo ta ce za ta je Sérou duba dangin mijinta. Ba ta dawo ba sai ana gobe walima. Ranar taron ta yi kwalliya ta zauna cikin tsofaffi a ƙarƙashin rumfa, aka kawo mata abinci a kwano kamar kowace baƙuwa. Matar yayana ce ta yi miyar, da awon littafina, bayan an rage gishiri. Komai ya tafi daidai. Kujeru sun isa, abinci ya kai ga kowa, malamai sun zo a kan lokaci. Mutane suka yi ta sa mini albarka, ni kuwa ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Da la'asar, da jama'a suka ragu, na same ta a ɗakinta tana ninke mayafi. Na durƙusa na ce ta yafe mini, ban sani ba. Na ce suna na nan tafe a gidan Baffa, ta koma kan tukunyarta, za a ci gaba yadda ake yi, ni ba zan ƙara zuwa kusa da murhu ba.

Ta ce ta yafe, ai ban yi ƙarya ba. Sannan ta zauna a bakin gado.

"Ke kina tsammani ban sani ba? Harshena ne fa. Na san ranar da ya tafi. Na san kuma suna gyarawa. In na zuba gishiri sai in tafi alwala, in daɗe, in ba su wuri. Su ba su ce ba, ni ban ce ba, miya tana fita daidai."

Na ce to a koma hakan mana.

"Da wa? Yanzu in na tashi alwala, duk tsakar gida sun san abin da na tafi yi. Surukanmu na Parakou ma sun sani." Ta ɗora mayafin a kan akwati. "Ki bar wa matar yayanki littafin nan, hannunta yana da kyau."

Ta rayu shekara huɗu bayan haka, ana ta taro a dangi, ana aiko mata da katin gayyata. Ba ta ƙara ɗora babbar tukunya ba.