Ashe Rabin Ajinmu Rana Ɗaya Aka Haife Mu

"Hadiza, muna jiran ki," in ji malamin ordinater, wato kwamfuta. Ina tsaye gaban aji.

Aikin da ya ba mu shi ne mu sa na'ura ta fito da ɗalibi guda da sauri daga rumbun bayanan lakwal, wato makarantarmu. Ya koya mana indeks, wato tsarin da ake ɗorawa kan bayani ɗaya don na'ura ta tafi wurinsa kai tsaye, ba sai ta bi kowa ba. Makina ya yi ƙasa a wannan zangon, wannan aikin ne zai cece ni.

Na ɗora nawa kan ranar haihuwa, don mu Hadiza mun yi yawa. Na shigar da tawa, ɗaya ga Janairu. Sunaye suka yi ta zubowa.

Malam ya juya ga aji. "Wanda anka haihwa ɗaya ga Janairu shi ɗaga hannu."

Rabin aji suka ɗaga. Shi ma ya ɗaga. A nan, wanda aka yi wa takardar haihuwa a makare, ɗaya ga Janairu ake rubuta masa.

"Ɗiyata, indeks abin da ke rarrabe mutane yake so. Sake."

Na mayar da shi kan lambar rajista. Sunana kaɗai ya fito, na samu makina.

A gida na tambayi Inna ainihin ranar da aka haife ni. Ta ce, "Ranar da ruwa ya ci shinkafar garin Garou."

Na'ura ba ta da gurbin wannan. 'Yan ɗaya ga Janairu, me aka gaya muku a gida?