Ƙwaya Uku Na Sarƙar Goggo

Vinikilang

Na bar Vinikilang, inda nake koyarwa, bayan sallar asuba, da sarƙar Goggona a ƙulle cikin hankici. Lu'ulu'u ce da marigayi mijinta, Alhaji, ya kawo mata daga Makka. Zare ya tsinke, ƙwaya uku suka ɓata, ta ce in nemo irinsu a Jimeta. Shekara da shekaru tana gaya wa duk matan Wuro Hausa, unguwarsu a Yola, cewa daga ƙarƙashin teku aka tsamo su, don Alhaji ba ya sayen banza. Yanzu abin da ya rage mata nasa ke nan.

Binuwai

Fito a kwalekwale. Abokan tafiyata awaki biyu ne da mai keke. Soja a bakin gaɓa ya tambayi abin da ke hankicin, na ce dukiya. Ya buɗe, ya dube ni, ya ce in wuce.

Jimeta

Da hantsi na isa kantin wani tsohon Kwara, farar fata mai sayar da kayan ado, kusa da kasuwa. Ya jera sarƙoƙi a faifai uku, kowace da 'yar takarda a rataye.

"Malam, kar ka karanta babban rubutu," in ji shi. "Kowa yana rubuta lu'ulu'u da babban baƙi. Ƙaramin na ƙasa za ka duba."

Na duba. Faifan farko na kiwo ne na ruwan gishiri: mutum ke cusa wa kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo, ɗan ƙwallo a ciki, ta yi ta lulluɓe shi har ya zama lu'ulu'u. Na biyu na kiwo ne na ruwan daɗi, ƙanana, masu kama da shinkafa. Na uku gilashi ne aka shafa wa fenti. Na tambayi wanda ba a kiwata ba, na ƙarƙashin teku. Ya ce tun da ya buɗe kanti bai taɓa riƙe shi ba.

Na kwance hankici. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya goga a haƙorinsa. Na ce, "Kai! Ba a ci."

"Na gaske yana da kaushi kamar yashi. Wannan sumul. Gwada."

Na gwada. Sumul. Ya nuna mini bakin hudar inda fenti ya ɓare. Wallahi sai na tuna Alhaji da ko a ido bai taɓa ganin na gaske ba balle ya bambance.

Ya ce ga faifai na uku, irinsu ne sak. Hannuna ya ƙi zuwa. Na zaɓi uku daga na farko, ya shirya su tare da sauran a sabon zare. Kuɗin keken da nake tarawa ya tsaya a kantin.

Yola

A-kori-kura ta sauke ni bayan azahar, ta mutu sau ɗaya kawai a hanya, direba ya ce yau da sa'a muka fito.

Goggo ta shimfiɗa sarƙar a cinyarta, ta bi ta da yatsa. Nan take ta tsaya a kan ukun.

"Ayya, ɗana, an cuce ka. Dubi, wannan ta fi wannan, launin ma ba ɗaya ba. Na Bappanka Alhaji kuwa duk kansu ɗaya. Boko bai hana a yi maka wayo ba."

Bayanin Kwara yana kan harshena, faifai uku cif. Na haɗiye.

"Haka ne, Goggo. Irin na Alhaji ba a samunsu yanzu."

"Ai na gaya maka." Ta ce in mayar da su can ƙeya, inda mayafi zai rufe, kada ta ji kunya a gidan biki.

Na zauna a tabarma na warware zaren, na mayar da su baya. Na kama kwalekwalen la'asar, na isa gida lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa Kwara da karatunsa, da Goggo da ta ce ta yafe mini.