Hannun da Na Ɓoye wa Godiyata

Yau kwana tara godiyar da na sayo a Kelle ba ta bari na sa mata linzami ba. Da ta hango ni sai ta ja baya har igiyar turke ta miƙe. Na riga na yanke shawara ran kasuwa kamyo, wato babbar mota, za ta shiga, a mayar da ita.

Da safe ina fama da ita, dusa a hannun dama, linzami ɓoye a bayana, sai ga Kawu Mamman, yayan mahaifiyata, zai wuce garka, wato lambunsa.

Ya ce, "Me ke bayanka?"

Na ce, "Linzami ne, Kawu. In ta gani, gudu take."

Ya ce, "Ai tun daga zaure take jin ƙarar ƙarfen. Kai, mutum ya miƙo maka abinci yana ɓoye hannu ɗaya, za ka ci?"

Ya karɓa ya rataye a danga, inda take gani. Ya zauna ƙasa, ya buɗe tafukansa biyu, da guntun kanwa a ɗaya. Can sai ta matso da kanta. Da ya buɗa bakinta a hankali, sai ga miki a dasashi, inda linzamin mai ita na da ya ci.

Kwana tara ina kiranta mai taurin kai, ban taɓa duba bakinta ba. Na fasa mayar da ita, da ragama kawai nake jan ta har ta warke.

Masu kiwo, ku faɗa mini gaskiya: dabba nawa muka ce mugun hali gare ta, alhali ciwo ne ba ta da bakin faɗa?