Kwamfutar da Ke Tashi da Kanta

Ƙanena ya rasu ya bar mini kwamfuta, ni da ban san komai a kanta ba. Shi ne ke tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi cikin memori, a wani ɗan shago kusa da kasuwar Anka. Ni noma na sani, sai aikin zinari da na yi a Sunke har ya ci mini ɗiya. Ƙurar dutsen da muke niƙawa cikin gida ce ta kashe ta, tana shekara huɗu. Uwarta ta koma gidansu, ban hana ta ba. Na dawo Anka muka zauna ɗaki ɗaya da ƙanena. Bayan wasu shekaru aka tare su a hanyar Zugu, shi da mai babur ɗin da ya ɗauko shi. Iyakar abin da zan faɗa a kan wannan ke nan.

Na kwaso kayan shagon zuwa ɗaki, na jona wayoyin yadda na saba ganin yana yi, kowace a ramin da ya karɓe ta. Babu wuta ranar. Washegari da hantsi ina gyaran ƙotar fartanya a bakin ƙofa aka kawo wutar. Sai na ji fanka ta fara juyawa cikin akwatin, ya yi ƙara sau ɗaya, sannan ɗan kiɗan nan na buɗewa ya fito ta sifika. Ban taɓa komai ba.

Ban ji tsoro ba, don na tuna haka take yi a shago. Yakan zauna wurin mai shayi a tsallaken titi, da ya ji kiɗan sai ya ajiye kofi ya taho da gudu. Na leƙa ɗaki. A fuskar kwamfutar ga Inna zaune kan tabarma ranar wata Salla, ɗiyata bisa cinyarta tana riƙe da takalmi ɗaya. A gefen tabarmar ga inuwar ƙanena, don shi ya ɗauki hoton. Su ukun duk sun riga ni gidan gaskiya.

Haka muka zauna fiye da shekara. Wutar garinmu ba ta da lokaci, wani zubin kwana biyar ba a gan ta ba. Amma duk sanda ta zo, ko ina alwala ko ina cin tuwo, sai in ji ɗakin ya motsa. Ban taɓa buɗe komai a cikinta ba, ban iya ba. In zauna in duba hoton har a ɗauke wuta, shi ke nan.

Wata rana ta tashi, amma ta tsaya a baƙin allo da farin rubutu. Babu kiɗa, babu hoto. Na yi ta danne-danne har na faɗa wani shuɗin allo mai layi-layi, na firgita na zare waya. Na naɗe akwatin cikin bargo na shiga motar Gummi, inda mutumin da ya sayar wa ƙanena ita yake da shagon gyara. Sa'ana ne, mai furfura da tabarau.

Ya buɗe cikinta ya ciro wani ɗan batir, faɗinsa kamar kwabo.

"Wanga abu ya taso ka tun daga Anka, Malam? Ku mutanen Anka, kaya kamar za a kai amarya."

"Hoton na nan?"

"Shina nan. Wanga batir shi ke riƙe mata lokaci da abin da aka umurce ta. In ya mutu ta manta, amma ba ta manta hoto."

Ya sa sabo, ya shiga shuɗin allon nan, ya ce sunansa bayos. Ya gyara kwanan wata, ya ce ya mayar da komai yadda ya fito daga kamfani. Inna ta fito a fuskar kwamfutarsa ta shago, wadda ya jona akwatina da ita. Na yi godiya na naɗe kayana.

Kwana biyu da dawowata aka kawo wuta bayan azahar. Ƙwan ɗaki ya kama, rediyon maƙwabta ya kama. Akwatin shiru. Na tsaya a tsakar ɗaki ina jira kamar wawa. Daga baya na danna maɓallin gaba, ta tashi lafiya lau, da kiɗanta da hotonta. Ba abin da ya ɓace. Amma ni na tashe ta. Da can akwai abu ɗaya a gidan da ke motsi ba da hannuna ba, yanzu babu.

Na daure mako uku, sannan na koma Gummi ba tare da akwatin ba.

"Mi kuma ya lalace?"

"Ba ta tashi da kanta."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Malam, danna maɓalli ɗaya ne ya gagare ka? Gara ma haka. Wutarku mai zuwa da hauka, wata rana ta ƙona ta."

"Ƙanena ya bar ta tana tashi."

Bai sake yi mini ba'a ba. Ya jawo benci ya ce in zauna. Ya nuna mini a tasa, ya ce a cikin bayos akwai wurin da ake gaya mata abin da za ta yi in wuta ta dawo: ko ta zauna a kashe, ko ta tashi, ko ta koma yadda take kafin a ɗauke. Ƙanena na biyun ya zaɓa. Ya so ya rubuta mini da boko, na ce kada ya ɓata takarda. Na yagi kwalin sabulu na rubuta da ajami yana faɗa mini. Da ta fara tashi a yi ta danna maɓalli kaza. Kibiyar dama sau uku. Kibiyar ƙasa sau huɗu. Babban maɓalli. Ya zana mini siffar kalmar da zan tsaya a kanta, na kwafe ta kamar zanen hula. Ya ce in na gama kada in zare waya, in danna na goma a layin sama, in ba haka ba duk aikin banza ne. Maɓallin shiga bayos ɗin kuwa ya ce in sa masa alama. Da na dawo na ɗiga masa jan fenti.

Sai da na jira kwana uku kafin a kawo wutar da zan yi aikin. Sau biyu ina makara, ta wuce ni ta kai hoto. A na uku shuɗin allon ya fito. Na ƙirga da baki, don na san in na kauce layi ɗaya ban san abin da zan taɓa ba. Na ga kalmar, ta yi daidai da ta kwalina. Na danna na goma. Ta mutu ta sake tashi, Inna ta fito.

Dama mai gyara ya ce in ina so in gwada, in zare waya daga bango in mayar. Ban yi ba. Wannan ma hannuna ne.

Aka ɗauke wuta kafin la'asar. Kwana shida ba ta dawo ba. Na je gona na dawo, na je jana'iza na dawo, kwalin yana cikin aljihuna. Rana ta bakwai ina wanke riga a bayan ɗaki, hannuna duk kumfa, na ji fankar ta ɗauka. Ƙara sau ɗaya. Sannan kiɗan.

Ban tashi da gudu ba. Na ƙarasa wankin, na shanya rigar, na ɗauraye hannu, sannan na shiga na zauna.