Mangwaron Kofur

Abin da aka so a karɓe mana ba shi da wuyar ƙirgawa: gida mai ɗaki huɗu da rumbu biyu, gonar citta a gangaren dutse, fadama a bakin rafi, kabari ɗaya a bayan gida, da itatuwan mangwaro goma sha ɗaya. Ni da na tsufa a cinikin citta a kasuwar Kafanchan, yau zan iya yi wa kowanne kuɗi ban yi kuskure ba. Amma a lokacin, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, ina 'yar firamare, iyakar abin da na sani shi ne manya suna magana ƙasa-ƙasa, in mun shigo su yi shiru.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Kwoi, gidanmu ne na ƙarshe kafin dutse. Kakanmu, Kofur Tanko, tsohon soja ne da ya yi yaƙin Jamus a Kamaru. Ba ɗan ƙasar ba ne. Shi kansa bai san garinsu ba, don yana ƙarami fatake suka taho da shi daga can bayan Borno, ya girma a bayan jakuna, ya shiga soja. Bayan yaƙi ya bi aikin shimfiɗa hanyar jirgi har Kafanchan, a nan ƙafarsa ta gaji. Mahaifin kakarmu, Kaka Ladi, ya ara masa ƙasa, daga baya ya ba shi aurenta. Shi ya sa in mun yi faɗa da yara a rafi, zagin da suke mana ɗaya ne: jikokin bariki, ba ku da asali.

A wajenmu akwai doka da kowa ya sani. Wanda aka ara wa ƙasa zai yi noma, zai yi gini, amma ba zai dasa itace ba, domin itace shi ne shaidar mai ƙasa. Kofur ya ji dokar sarai. Ranar da ya tare, ya binne ƙwallon mangwaro a bakin ƙofa, irin dogon nan marar zare da ya samo a lambun wani Baturen reluwe. Ranar aurensa ya binne na biyu. Daga nan duk haihuwar da aka yi a gidan sai an binne ɗaya. Surukinsa ya gani ya kau da kai, da itacen ya yi 'ya'ya kuma shi ya fara sha. Har Kofur ya mutu ba wanda ya ɗaga maganar.

Sai citta ta yi daraja. A daidai lokacin kuma mamata ta haifi autanmu, Iliya. Mai'unguwa Bitrus, ɗan ƙanen Kaka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya aiko cewa kada a kuskura a dasa wa jaririn itace, kuma dangi suna son ƙasarsu, za a zauna a kan maganar kafin damina. Babana, Yakubu, ma'aikacin reluwe ne, mutum mai gudun fitina. Na ji shi yana cewa, "Mama, a bar musu. Akwai kwatas a Kafanchan, mu kwashe yara mu koma."

Kaka ta ce, "Ubanka fa? A kwatas ɗin za ka kwantar da shi, ko a ƙarƙashin gado?"

Lokacin sanyi ne, lokacin tsaga citta. Da an ci tuwo sai a hura wuta a tsakar gida, a zube citta a kan buhu, kowane yaro da 'yar wuƙarsa, muna tsagawa don a shanya da safe. Hannu yana zafi, ido yana yaji, ba abin da ke riƙe mu sai bakin Kaka. Tana zama a kan turmin da aka kife, da tsohon bargon sojan Kofur a kafaɗa. Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne. In na fara gyangyaɗi sai ta ce, "Rifkatu ya yi barci, a zuba masa ruwa."

A daren da babana ya yi maganar kwatas, ta ce, "Ga ta nan tana zuwa da ƙafa huɗu."

Muka ce, "Ta zo mu ɗaure ta!"

Wai Jaki ne ya tafi yaƙin Zaki, yana ɗaukar kayan mayaƙa shekara da shekaru, har da yaƙi ya ƙare ya manta hanyar gida. Ya yi ta tafiya ya iso garin birai. Ya roƙi wurin kwana, suka nuna masa wani fako da ko ciyawa ba ta so, suka ce, "Aro ne. Ka kwanta, ka yi kiwo, amma kada ka dasa itace." Jaki ya ɗaga kofato ya ce, "Da wane hannun zan dasa?" Birai suka yi dariya suka watse. Da asuba Jaki ya zaga ya yi abin da kowane jaki ke yi da asuba. Ashe a cikinsa akwai ƙwallon wani ɗan itace da ya haɗiye a ƙasar yaƙi. Ruwa ya sauka, abu ya tsiro.

A nan mukan fashe da dariya, Kaka kuwa ko murmushi. "Ku yi dariya," in ji ta. "Kashin jaki ne ya ciyar da gari."

Itace ya girma ya yi 'ya'ya masu zaƙi. Birai suka yi ta hawa, iyaye su sha, 'ya'ya su sha, jikoki su sha, har ramammu suka yi ƙiba. Inuwa ta sauka, fako ya zama wuri mai kyau. Sai wata rana suka taru suka ce wa Jaki aro ya ƙare, ya kwashe nasa ya tafi. Jaki ya ce, "To. Ƙasa taku ce, na bar muku. Amma ni ma a dawo mini da nawa. Duk abin da kuka sha a kan itacen nan, kowa ya amayo. Kai mai gari, wannan tumbin naka nawa ne. Wannan wutsiyar ɗanka mai sheƙi, tawa ce." Sai Kaka ta ja waƙa, mu amsa:

"Aron ƙasa, aron ƙasa,
Na ji, na yarda.
Aron ciki fa, Biri,
Wa zai biya?"

Birai suka dubi cikkunansu, suka dubi juna, aka rasa mai fara aman. Jaki ya koma inuwa ya kwanta. "Ƙurunƙus," in ji Kaka, "ɓera ya tsere da kansa, yau ba ni da wuƙa."

Ba a tashi daga nan ba sai an yi abin da take kira karatu. Ta nuna duhu da sandarta, mu faɗi sunan mai itacen da ke wurin. Na bakin ƙofa, Kofur, wanda ba shi da uba sai yaƙi. Na kusa da shi, Ladi matar Kofur. Na bayan rumbu, Yakubu ɗan Kofur. Na gefen rijiya, Saratu da ta yi aure a Kagarko. Ƙaramin da ya karkace, Bulus da ƙyanda ta ɗauke kafin ya yi tafiya. Haka har a zo kan nawa da na ƙannena. Wanda ya yi kuskure ya sake daga farko. Na taɓa tambayarta me ya sa asalin su Bitrus yake kai kakanni bakwai, namu kuwa a kan Kofur ya tsaya. Ta ce, "Nasu dogo ne, amma a baki yake. Naku gajere ne, amma je ka tuge shi in gani."

Aka sa ranar zama a lokacin da mangwaro ya nuna. Zafi ake yi sosai, kuma duk unguwar ba inuwar da za ta ɗauki dattawa sai ta ƙofar gidanmu. Suka zo suka zauna a ƙarƙashin itacen Kofur. Kaka ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da yarenmu, ta durƙusa kamar yadda ya kamata, sa'an nan ta sa ni na kawo ƙwarya cike da mangwaro da ruwan wanke hannu. Babana ya dube ta, ta yi kamar ba ta gan shi ba. Ba wanda ya ƙi. Wa zai ƙi mangwaron Kofur da rana tsaka?

Mai'unguwa Bitrus ya sha biyu, ya tsotse ƙwallon tas, ya jefar gefe, ya share baki. Ya ce, "Gwaggo, ba da faɗa muka zo ba. Ke tamu ce, ɗakinki yana nan a gidan ubanki. Amma ƙasa ta dangi ce, aro aka ba marigayi. Yaranmu sun yi yawa, ba su da wurin citta. Kuma an karya doka tun farko, an dasa itace."

"An dasa," in ji Kaka. "Wane ne ya faɗo daga wannan reshen ya karya hannu, Kofur ya goya shi har asibitin mishan?"

Dattawa suka fara murmushi. Bitrus ya ce, "Gwaggo, wannan ƙuruciya ce."

"Yanzu da ka sha biyu, shi ma ƙuruciya ne? Matarka da yake da cikin fari, ba ya cin komai sai mangwaron nan, wa ya aiko da kwando? Ubana ya sha, ubanka ya sha, kai ka sha, ɗanka ya sha tun yana ciki. In dokar ya karye, da haƙoranku kuka karya shi. Ku ɗauki ƙasarku. Amma kafin ku tashi, kowa ya ajiye mini abin da ya sha."

Ƙanena da ke bayana ya kasa daurewa, ya rera a hankali, "Aron ciki fa, Biri." Babana ya make masa ƙeya, amma an riga an ji, wani tsoho ya yi dariya har ya shaƙe.

Fuskar Bitrus ta ɗaure. Ya ce, "Na da ya wuce. Amma na faɗa, ba za a dasa wa jaririn nan ba."

Kaka ta miƙe da sandarta, ta taka zuwa inda ƙwallon da ya jefar ya faɗi. Ta danna shi da diddige cikin ƙasa mai laushi ta bakin magudanar wanka, ta ja ƙasa da gefen ƙafa ta rufe. Ta ce, "Ni ban dasa ba. Mai ƙasa ne ya jefa iri da hannunsa, a gaban dattawa. Ni rufewa na yi don kada akuya ya ci. Wannan na Iliya ne. Bitrus, in ka isa, zo ka tone abin da ka shuka."

Bai tashi ba. Ba kuma wanda ya tashi a madadinsa.

Ba zan yi ƙarya in ce mun ci duka ba. Dattawa suka yanke cewa duk inda inuwar itace ta kai, na zuriyar Kofur ne, inda ba itace kuwa ya koma wa dangi. Kofur bai taɓa dasa komai a fadama ba, don haka fadama ta tafi, rabin gonar citta ya bi ta. Bitrus bai sake taka gidanmu ba sai ranar jana'izar Kaka. Ita ma ba ta sake kwana a gidan ubanta ba, kuma na san abin ya ci ta, ko da ba ta taɓa faɗa ba.

Da na girma na shiga kasuwa, na daina ganin Bitrus a matsayin mugu. Yara gare shi, ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Da ni ce a kujerarsa, watakila da na aika irin saƙon da ya aika. Abin da na ɗauka daga bakin wutar nan daban ne. Wanda ba shi da dogon asali, kada ya tsaya jayayya a kan kakanni, za a kayar da shi. Ya sa abu a ƙasa wanda mutane za su ci, ya bar su su ci har su saba. Da haka na kafa rumfata a cikin 'yan kasuwar da suka gaji wurin tun kakanninsu, suna ce mini 'yar ƙauye. Har yau in na je sayen citta a ƙauyenmu akwai mai ce mini jikar bariki. Ina amsawa, in ce ya ɗora buhunsa a sikeli.

Ga lissafin yadda ya tsaya. Mun rasa fadama, mun rasa rabin gona, Kaka ta rasa gidan ubanta. Gida yana nan. Kabari ya zama biyu, suna kwance kusa da juna. Itatuwa sun kai ashirin da uku, jikokina suna karatunsu da sanda kamar yadda muka yi. Wanda ya fi kowanne 'ya'ya shi ne na bakin magudana, na Iliya ɗan Yakubu ɗan Kofur. Jikokin Bitrus ne suka fi kowa hawansa, kuma na hana a kore su. Su sha.